Bapak Ya Kai Goshi Ƙasa

Mas Purwanto,

Na ga ka dawo daga aiki a gajiye, shi ya sa ban tashe ka ba. Albishirinka, yau mahaifinmu Bapak bai yi salla a kan kujera ba.

Da hantsi Mbah Kasmin mai tausa ya sake zuwa da man kwakwarsa saboda ciwon bayan nan. Ya kwantar da Bapak rubda ciki a tabarma, ya bi ƙashin bayan da babban yatsa, yana danna yana ja. Bapak ya ce, "Kai tsoho, kashe ni ka zo yi?" Mbah ya ce, "Rufe baki, jikata ma ta fi ka jarumta."

Da azahar na leƙa ɗaki, sai na gan shi a sujada. Ya daɗe bai ɗago ba har gabana ya faɗi, ashe kuka yake yi.

Yanzu ya kafe sai ya ga shinkafarsa, zan kai shi gona a babur. Shinkafa da tempe na waken soya suna cikin tukunya. Mbah ya hana shi aiki tukuna, don haka ka ɓoye fartanyarsa kafin mu dawo. Na ga yana kallonta.

Ƙanwarka,
Sulastri