Tsakanin Kogi da Tsaunuka

Harlan Ferry, Indiana
14 ga Nuwamba, 1993

Zuwa ga Lorna,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da shanun mutane da kike bi kina yi wa allura. Tun da kin ce in na sake kiran wayarki za ki tuge ta daga bango, ga takarda. Ita dai ba ta da murya, balle ki ce na yi miki tsawa.

Maganar ɗanmu Nolan ce. Bana zai gama kwalejin nan ta shekara biyu a Kansas, kuma jami'o'i biyu sun yi masa tayin gurbi: karatu da ɗaki da abinci kyauta, shi kuma ya buga musu ƙwallon kwando. Marlow ga ta nan kusa da ni, Pine Butte can kusa da ke. A watan Afrilu zai sa hannu. Aurenmu ne ya mutu, haihuwa tana nan, don haka ki saurare ni ko sau ɗaya.

Ban ce Marlow tana cikin manyan nan da ake nunawa a talabijin duk Asabar ba. Ita da Pine Butte duk matsakaita ne, amma matsakaita suna suka tara. Marlow tana Rukunin Kogi, wanda kusan kowace shekara ƙungiyoyi biyu yake turawa gasar ƙasa a watan Maris, kuma in sun je ba kallo suke zuwa ba. Rukuninku na Tsaunuka fa? Guda ɗaya tal, ita ma don doka ta ce a ba zakaran kowane rukuni kujera. Ta je a yi mata dukan kawo wuƙa da tazarar maki talatin, ta koma cikin ƙanƙara. Masu farautar 'yan wasa a zaurukanmu suke zama. Wa zai hau dutse don ya ga yaro yana wasa gaban makiyaya ɗari biyu?

Ni na ɗora masa ƙwallo a hannu a bayan gareji, tun bai kai tsawon tayar mota ba. Kada ki binne min shi a duwatsu don kawai ki samu wanda za ki yi wa wanki ranar Lahadi.

Tsohuwa tana gaishe ki. Ki huta lafiya.

Baban Nolan,
Wendell

Elk Ford, Montana
3 ga Disamba, 1993

Wendell,

Gaisuwa. Takardarka ta iso, kuma har a rubuce tsawa kake yi.

Ka ɗauka har yanzu ni ce wadda take kawo muku lemo kuna kallon wasa ba ta san komai ba. Na je laburare na karanta sakamakon shekara uku. Gaskiya ne Kogi yana tura biyu, amma kullum biyun nan ne dai, kuma Marlow ba ta cikinsu. Bara ta bakwai ta zo cikin tara. Na ƙasan rukuninku ƙananan makarantu suke gayyatowa gida su lallasa, don lissafinsu ya yi kyau a jarida. Namu kuwa yini guda suke yi a bas, su sauka su buga wasa a kan tudun da baƙo yake haki kafin a je hutun rabin lokaci. Pine Butte ta ci Tsaunuka sau biyu cikin shekara uku. A gasar ƙasa kuma da maki tara aka fitar da ita, ba talatin ba. Ka san haka, ka dai ƙara gishiri ne kamar yadda ka saba.

Ƙarfin rukuni ba shi zai sa ɗanka cikin fili ba. Kocin Marlow, Dressler, yana da mutum uku a wurin da Nolan yake bugawa, kuma na ji an ce jaridarku ma kira take a sallame shi. Koci Amundson na Pine Butte kuwa ya ce da Nolan zai riƙa fara wasa. Ya faɗa a gabana.

Ka ce wanki nake nema. Kai fa? Ba so kake ka zauna a shagon askin Floyd kana nuna jarida kana cewa "ɗana ne wannan" ba? Kowannenmu yana da son ransa, ni dai ban ɓoye nawa a bayan lissafi ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Yaron nan ya shekara ashirin. Ka bar shi ya zaɓa da bakinsa.

Ka gaishe min da Mama Irene, ka ce ina tuna ta. Sai an jima.

Lorna

Harlan Ferry
17 ga Janairu, 1994

Lorna,

Barka da sabuwar shekara, da fatan sanyinku bai daskarar miki da alƙalami ba.

Kin ga wasan Asabar? Marlow ɗin da kika ce ta bakwai ce, ta je har gidan ɗaya daga cikin manyan ta ci su da maki huɗu. Ta bakwai a Kogi ke nan! Ki je laburarenki ki nemo min ranar da zakaran Tsaunuka ya taɓa yin haka. Ina cikin zauren, na yi ihu har muryata ta dushe, washegari a tashar jiragen ruwa da hannu nake yi wa yara magana muna gyaran inji.

Bayan wasa Dressler ya rungume ni, ya ce, "Dogon ɗanka kaɗai ya rage mana, Wendell." Wani ɗan jarida yana tsaye, ya tambaye ni ko Nolan zai zo. Na ba shi amsar da kowane uba zai bayar a irin wannan rana. In kin ga wani abu a jarida kada ki tayar da hankali, ai kin san su da kambama magana.

Nolan bai ce e ba tukuna, amma na san jinina. Ku huta lafiya.

Wendell

Elk Ford
9 ga Fabrairu, 1994

Wendell,

Ina gaishe ka don iyayena sun koya min gaisuwa, ba don komai ba.

"Nolan Kubiak ya zaɓi Marlow, in ji mahaifinsa." Haka aka buga, da manyan baƙaƙe. Wani ya yanko ya aiko wa Amundson. Ranar Litinin ya kira ni ina tsakiyar taimakon wata saniya haihuwa, na ɗauki wayar gidan gonar da jini har gwiwar hannu. Ya ce, "Da kun gaya min da bakinku, da ya fi." Na rantse masa yaron bai yanke shawara ba. Ya ce gurbi ɗaya yake da shi na dogon ɗan wasa, ya jira sati biyu bai ji daga kowa ba, ya yi wa wani yaro ɗan Idaho alkawari.

Sati biyu, Wendell. Jaridarku ba ta zuwa nan, ba ta zuwa Kansas. Kai kaɗai ka san abin da ka faɗa, ka rubuto min cewa kada in tayar da hankali.

Na kira Nolan. Bai yi faɗa ba, bai yi kuka ba. Cewa ya yi, "To, Mama." Sannan ya ce dama Pine Butte yake so, yana neman yadda zai gaya maka ne ba tare da ya karya maka zuciya ba.

Yanzu Marlow kaɗai ta rage masa, kuma tun wasan da kake taƙama da shi sau biyar a jere aka ci su. Ka yi addu'a Dressler ya kai Afrilu a kujerarsa.

Lorna

Kansas
2 ga Maris, 1994

Baba,

Ina gaisuwa, da fatan kai da Kaka kuna lafiya. Ba na ɗaukar wayarka ne don na san in na ji muryarka zan ce ba komai, alhali akwai komai.

An sallami Koci Dressler jiya, na san ka ji. Na kira ofishinsu. Mataimakin da yake kula da maganata shi ma kayansa yake haɗawa. Ya ce duk wanda aka kawo da nasa yaran zai zo, alkawarin baki kuma ya bi mai shi. Ya ce in nemi wani wuri. Kocinmu na nan ya buga waya wurare shida, duk sun cike.

In ban samu gurbi ba karatu ya ƙare. Abokin ɗakina ya ce akwai aiki a mayankar garinsu, na ce ya ajiye min wuri.

Baba, tun ina ƙarami nake jin wane rukuni ya fi wane. Kai da Mama kun auna Kogi, kun auna Tsaunuka, kun san maki nawa aka ci kowa shekara uku baya. Ba wanda ya tambaye ni inda nake so in tashi da safe. Ni ba rukuni zan buga wa ba, koci zan buga wa, kuma Amundson ne kaɗai ya zauna ya nuna min inda nake kuskure a tsaron gida maimakon ya yi ta yabona.

Don Allah kada ka ƙara yi wa kowa magana a kaina. Ka gaishe da Kaka.

Ɗanka,
Nolan

A kan hanya, Dakota ta Kudu
14 ga Maris, 1994

Lorna,

Gaisuwa, da fatan kina lafiya. Daga wani masauki na bakin hanya nake rubuto miki, kan hanyata ta komawa gida. Na je Pine Butte. Na wuce mararrabar garinku sau biyu ban tsaya ba, don ban san da wace fuska zan ƙwanƙwasa miki ƙofa ba.

Nolan ya ce kada in yi wa kowa magana. Na karanta, na ɗauki makullin mota. Ki ƙara wannan cikin laifuffukana.

Na iske wasan ƙarshe na rukuninku ranar Asabar da rana. Makiyaya ɗari biyu na ce, ko? Da ƙyar na samu wurin tsayawa a bayan ƙofa, kuma hawa matakala kawai ya sa ni haki kamar tsohon injin jirgi. Pine Butte ta ci kofin. Yaran ba su da tsawo, amma ba sa gajiya, kuma ba a ba su hanya ko ta taku ɗaya.

Da safe na je ofishin Amundson. Ya bar ni a benci har ya gama da kowa, sannan ya leƙo.

"Kai ne mai magana da jarida?"

Na ce ni ne. Na ce yaron bai taɓa cewa Marlow ba, ni na sa masa magana a baki, kuma shi nan yake so. Na ce in hukunci ne ni ya kamata a yi wa.

Ya ce, "Uwarsa ta cika min ofis da burodin ayaba tun Oktoba, yanzu ga uban ya tuƙo mota daga Indiana. Shi yaron ba shi da baki ne?"

Ya ce alkawarin ɗan Idaho yana nan, ba zai karya ba. Amma akwai wani ɗan wasansa da yake tunanin komawa gida, in ya tafi gurbi zai buɗe, kuma mutum huɗu suke jira. Sai ya jingina da kujera ya dube ni.

"An ce kana yawo kana cewa Tsaunuka ba rukuni ba ne. To ga ka, ka gani da idonka. Da Kogi da Tsaunuka wanne ya fi ƙarfi?"

Lorna, na san amsar da ta kamata. Tana kan harshena. Makomar ɗana tana hannun mutumin nan, kalma ɗaya kawai yake so. Na buɗe baki, sai na ji na ce, "Kogi. Daga sama har ƙasa, Kogi. Amma ƙungiyarka za ta ci Marlow a ko'ina, kuma ɗana zai fi zama ɗan wasa a hannunka."

Bai yi dariya ba, bai ɓata rai ba. Ya miƙe ya buɗe min ƙofa. Ya ce, "Ka yi hankali da hanya, akwai ƙanƙara." Shi ke nan.

Tun daga nan nake juya maganar. Ban sani ba ko na gyara ko na ƙarasa kashewa. In kin ji wani abu, ki rubuto, ko da zagi ne. Ban gaya wa Nolan na je ba, amma ba zan ce ki ɓoye masa ba.

Allah ya kiyaye ki.

Wendell

Kansas
15 ga Afrilu, 1994

Mama da Baba,

Ina gaishe ku. Takarda iri ɗaya na aika wa kowannenku, don kada wani ya ce an riga shi ji.

Na kira Koci Amundson da kaina. Ɗan wasansa da yake tunanin komawa gida ya tafi, gurbi ya buɗe, jiya na sa hannu a Pine Butte. A benci zan fara, domin wurin da aka tanadar min ɗan Idaho ne yake da shi yanzu. Sai na ƙwata.

Ya ce in gaya wa Mama burodin ya isa haka. Ya ce in gaya wa Baba har yanzu bai yarda da amsarsa ba.

Baba, ban huce ba tukuna. Amma wasan farko a gida ƙarshen Nuwamba ne, kuma kujera biyu ake ba kowane ɗan wasa, a jere. Ban nemi a raba su ba.

Ku huta lafiya.

Ɗanku,
Nolan