Mujallar Da Babu Kwaɗo

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ya aikin katako?

Albishirinka! Mujallu biyu sun nuna sha'awar bincikena, wanda na yi kan yadda garkuwar jiki ke juyowa ta cinye jijiyoyi, irin ciwon Inna. Ta farko babba ce, masana na yawan ambaton abin da ta buga, kuma ita kwamitin ƙarin girma na jami'armu ke dubawa. Sai dai a kulle take, sai mai kuɗi ke karantawa. In ina so a buɗe wa kowa, albashina na shekara ba zai biya ba. Ta biyun ƙarama ce, a buɗe take, kuɗinta zan iya. Wallahi na rasa ta zaɓa.

Ƙanwarka,
Auta

Auta,

Muna lafiya. Inna na gaishe ki, jiya har cokali ta riƙe da kanta.

Tsaya tukuna. Ke za ki biya su? Ni da na gama shelanta wa yaran shago cewa kin yi arziki, har na yi musu alkawarin sabon zarto! Wannan wane irin ciniki ne, ka ƙera kujera kuma ka biya mai zama?

Ni ban san ƙarin girma ba. Tambayata ɗaya ce. Likitan nan na ƙaramin asibitinmu, wanda ya yi ta juya ƙafafun Inna yana cewa bai taɓa ganin irinsa ba, zai iya karanta babbar?

Yayanki

Yaya,

Barka da aiki. Ba zai iya ba. Shi kam zan iya aika masa, amma irinsa nawa ne waɗanda ban sani ba? Tambayarka ta hana ni sukuni, mugu kawai.

Na ba wa ƙaramar, har sun buga shi. Shugaban sashenmu ya ce na yi wauta, bana babu ni a ƙarin girma. Na shiga banɗaki na sha kukana, na wanke fuska na koma aji. Kada ka gaya wa Inna.

Auta

Autar Inna,

Na gaya mata, sai ki zo ki dake ni.

Jiya na kai ta asibiti. Kafin in buɗe baki likitan ya juyo mana da kwamfutarsa, wai ya ci karo da wani sabon bincike, yana so ya sake gwada jininta. Na leƙa, sai ga sunanki a sama. Bai ma san ke 'yarta ce ba.

Inna ta ce a matso mata da shi. Ta ɗora yatsa a kan sunan, ta ƙi ɗagawa.

Ki huta lafiya.
Yayanki