Ɓerayen Nafeeza da Bijimin Layya

Zuwa ga Yayana Haniff,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ka gafarce ni da na ɗora maka karatun wasiƙa, alhali na san idon ba kamar da ba. Ina fata kana lafiya, kai da Yaya Shamiroon da yara, kuma sanyin Toronto bai tayar maka da ciwon gwiwa ba. Allah ya ƙara sauƙi. Mu nan gida Berbice sai godiya. An gama yankan shinkafa, maigidana Kamrudeen ma ya fara takawa masallaci ba sanda.

Maganar 'yarka Nafeeza ce ta sa na ɗauki alƙalami. A binciken da take yi a jami'a, fararen ɓeraye take kiwo. Rabinsu takan ajiye su gaban wata na'ura mai fitar da irin ƙarfin nan na akwatin ɗumama abinci, amma kaɗan, ba mai ƙuna ba, don a gano ko yana taɓa gishirin da ke cikin jini. Ta ce lafiyar masu aiki kusa da irin waɗannan na'urori ake nema. To, wata mai kamawa za a kashe ɓerayen duka a duba ƙodarsu, kuma da hannunta za ta yi.

Ta san da haka tun farko, amma ka san ba mutuwa ake wa kuka ba, sabo. Har sunaye ta raɗa musu. Akwai wani mai yagaggen kunne da take kira Alhaji don ya fi kowa tumbi. Ranar Asabar ta zo gida, ta ture gurasar roti da miyar dal gefe, ta ce ajiye karatun za ta yi. Babanta Kamrudeen ya tsokane ta, wai ɓerayen rumbunsa ba su taɓa samun mai yi musu kuka ba, ko ya kai mata su a sa su makaranta? Ta yi dariya, dariyar ta ƙare da hawaye.

Na gaya mata ɗan abin da na karanta, cewa rai amana ne, ba a ɗaukarsa don wasa, ba a kuma azabtar da shi. Ta ce hukuncin ta sani, hannunta ne ya ƙi. Nan ilimina ya tsaya.

Sai na tuna baƙin bijimin nan da ka rena tun yana maraƙi, mai bin ka har bakin gona, wanda ka yanka da kanka ranar layya. Ina laɓe bayan mangwaro na ga ka ba shi ruwa, ka ɓoye wuƙar a bayanka, ka daɗe kana yi masa magana a kunne. Ban taɓa tambayarka abin da ka faɗa masa ba. Yau ina tambaya, saboda ita. Kada ka ce mata ta daure, kada kuma ka ce ta bari. Abin da ka gaya wa bijimin kawai za ka gaya mata.

Ka gaida Yaya Shamiroon, da ɗanku Imtiaz, da amaryarsa Farida. Kamrudeen yana gaisuwa. Don Allah ka ba da amsa da wuri, kafin watan ya tsaya.

Ƙanwarka,
Zorina