Ina Bakin Rijiyarmu Yake, Ɗan Jimma?

Zuwa ga taubashina Ɗan Jimma, wanda ya riga mu gidan gaskiya.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta addini da fatan kana cikin rahama, ina sanar da kai halin da ka bar mu ciki. Ka san ni da boko ba mu haɗu ba. Ni ke faɗi, Malam Idi na bakin masallaci ke rubutawa, ya ce zai sa ta cikin waya mutane su gani. Su gani. Da kai nike magana.

Ka tuna ba a daɗe da shekarar fara ba, wadda ta cinye hatsi da wake ta bar mu da kara tsaye, anka jawo wayar wuta daga Tasawa ta ratsa garinmu. Anka gina shato, babban tankin ruwa na bisa, anka sa famfo tsakar gari. Sai manya sunka ce a rufe tsohuwar rijiya kada yara su faɗa. Rijiyar da ni da kai munka gina muna samari, kai kana ƙasa, ni ina sama. Na ƙi, na yi ta faɗa har murya ta dishe. Kai kuwa ka yi ta dariya kana cewa: "Bawana, duniya ta tahi ta bar ka riƙe da guga." Anka jera itacen kirya, anka shafe da siminti.

Na sha ruwan famfon, ba zan ɓoye maka ba. Da daɗi.

To, bana da bazara wuta ta koma baƙuwa. In ta tahi, injin da ke tura ruwa sama shi ma ya kwanta. Ni ba agogo gare ni ba, kunne gare ni. Daga zaure nike jin gurnaninshi, in ya yi shiru na san an ɗauke. Har mata sun daina zuwa dubawa, sai su tsaya ƙofa su ce: Baba, tana nan? In ce ta tahi tun hantsi. Su koma da bidon ɗinsu na ɗibar ruwa wofi.

Akwai tafiyar da ta yi ranar kasuwar Urafan, ba ta dawo ba sai da anka sauko Juma'a. Tabki ya ƙafe. Masu amalanke sun tahi rijiyar maƙwabta, can ma layi har gona. Ka san tumakin da ka bar wa Indo matarka, ka kama hannuna ka ce in sa musu ido. Biyu sun mutu, har da balamar nan mai ciki. Na iske Indo ta juye ruwan butarta ga ɗan rago, ta dafa ƙasa tana taimama. Ba ta yi kuka ba. Da ta yi, da ya fi mini sauƙi.

Na kai ƙara, kada ka ce na zauna. Malam Idi ya buga lambar masu wuta, tana ta ƙara babu mai ɗauka. Mai gari ya tura ni meri, ofishin magajin gari, meri sunka ba ni takarda, na hau kabu-kabu da gwiwoyin nan nawa har biro, wato ofishin masu wuta cikin birni.

Wata yarinya na iske, sa'ar jikata, mai ladabi. Ta ba ni kujera, ta ba ni ruwa mai sanyi, na riƙe kofin na kasa sha. Ta tambayi kwanan wata da ƙarfe nawa, na ce daga kasuwar Urafan zuwa saukowar Juma'a, ta duba ta gane. Sannan ta ce in ba ta lambar kwantar, akwatin nan mai ƙirga wutar da anka sha. Wace kwantar? Gidana ko ƙwan wuta ɗaya ba a taɓa kunnawa ba. Sai ta ce: "Baba, a takarda ba kai anka yanke wa wuta ba." Wai kwantar ta shato ce, 'yan kwamitin ruwa ke da bakin magana, kuma ko su sai in wani inji ya ƙone. Babu wurin rubuta tunkiya.

Kai ka san bakina, ko liman bai tsira ba. Amma ranar nan kofin kawai na ajiye, na ɗauki takardata na fito.

Na koma, na sake komawa, har mai gadi ya san tarina. 'Yan kwamiti sun ce ba abin da ya ƙone musu. Mai gari ya ce a yi haƙuri, damina ta kusa. Sauran tumakin ba su san damina ta kusa ba, haƙarƙarinsu ya fito. Dillalai sun fara zagayen gidan Indo, ni kuwa na ce ba za a sayar ba ina da rai.

Na je neman rijiyarmu, Ɗan Jimma. Rairayi ya haɗiye wurin, fili ne fetal. Gawon da ke gefenta an sare shi tun ranar da anka kafa turakun wuta. Ni na ce rijiyar gabas da turken wurin take, Indo ta ce kusa da dangar lakkol, makarantar boko. Waɗanda za su raba mu duk suna can tare da kai. Samarin gari sun tahi wurin haƙar zinariya, waɗanda sunka rage ba su taɓa leƙa ta ba.

Kai ka kwana ka wuni cikinta, da kana nan da ido rufe za ka nuna. Ka yi ta tsokanata tun muna tsirara, ban san zan yi kewar wannan bakin naka ba. Wallahi ko zagi ɗaya ka aiko mini cikin mafarki, in dai ka haɗa da kwatance.

Allah shi jiƙanka, shi sanyaya makwancinka, shi shayar da kai ruwan Alkausara. Mu kuma shi dube mu da idon rahama, shi ba dabbobin nan ƙarfin kaiwa ruwan fari na damina.

Gobe in Allah ya kai mu, ina sallame asuba zan ari dogon ƙarfe wurin maƙeri, in fara soka rairayi daga inda Indo ta ce. In bai taɓa siminti ba, in matsa gaba kaɗan.

Naka,
Na-Allah, wanda kake kira bawanka.