Kada Ki Tsallako da Jinjirin

Zuwa ga maiɗakina Rabi, a gidan Baba, can ƙasar Faransa, tsallaken iyakar Jibiya.

Bayan sallama da gaisuwa mai yawa, ina fatan ke da jinjiri kuna lafiya. Yaya ruwan zafi? Ki gaishe min da Baba da Inna. Na san Yaya Sani ne zai karanta miki takardar nan, to ina roƙonsa ya sa ki zauna tukuna, kuma kada ya tsallake ko kalma ɗaya.

Kin ce ranar da kika yi arba'in za ki dawo Jibiya. Saura kwana tara. Rabi, kada ki zo.

Kin tuna bazarar da sanƙarau ya shigo garin nan? Kina jiƙa wa yara zane kina cewa su yi haƙuri, da ruwa ya sauka ciwon ya tafi. Haka muka tashi muka sani. To bana ruwa ya sauka, gero ya kai ƙugu, sannan yara suka fara faɗuwa. Muka ce sauran zafi ne, a ƙara ruwa biyu zai wuce. Ni da bakina na yi ta roƙon ƙarin ruwa. Ashe tare da ruwan abin yake tafe.

Wani likita Bature ya zo daga Katsina. Tafintansa ya ce mana wannan ba sanƙarau ba ne, sabon ciwo ne, sauro ke ɗauko shi ya sa wa yaro, ya hau ƙwaƙwalwa ta kumbura, kuma ba su da allurarsa. Sauro fa, Rabi! Wanda muke kora da mafici muna hira. Yanzu duk kududdufin da na wuce sai gabana ya faɗi.

An binne ɗan Mati mai jaki ranar kasuwa. A ƙauyen Riko ma ana ta zuwa gaisuwa. Ɗiyar maƙeri ta tashi, amma ba ta magana, uwarta ma kallon baƙuwa take yi mata. Wallahi wannan ya fi komai ba ni tsoro.

Na yi ta kewaye-kewaye, kin kuwa san ba halina ba ne. Ɗiyarmu Ladi ce ke kwance.

Ranar Laraba ta kawo min fura gona, ta ce kanta na sara mata. Na ce rana ce, ta shiga inuwa. Kafin la'asar jikinta ya yi zafi rau, ta fara fizge-fizge, idanu suka kakkafe. Yau kwana uku ke nan ba ta ce uffan ba. 'Yar'uwata Yaya Delu ke zaune da ita, tana ɗura mata rubutu da ludayi, rabi ya shiga rabi ya zubo. Mun yi hayaƙi, mun rataya gidan sauro, duk bayan abin ya riga ya faru.

Mun kira Ladi har murya ta dushe. Jiya da hantsi Yaya Delu ta ce in gwada sunanta na yanka, wataƙila shi za ta ji. Shekara bakwai ban taɓa furta sunan nan ba, ke ma haka, kunyar ɗiyar fari. Na sunkuya kusa da kunnenta na ce Hajara. Yatsunta suka motsa cikin hannuna. Ban sani ba ko ji ta yi, ko ciwon ne ya ja su. Na fita bayan rumbu na yi kuka.

Na san taurin kanki. Yanzu haka kina laluben mayafi, kuma 'yan duwan, masu tsaron kan iyaka, ba su isa su tare ki ba. Amma ki dubi abin da ke cinyarki. Sau ɗaya na gan shi, ranar suna. Ina tsoron in rasa ɗaya, kada ki kawo min na biyu bakin sauro. Ki zauna har ruwa ya ɗauke, a yanke gero. Ko me ya faru zan aiko miki da gaskiya, ba zan ɓoye ba.

In kina son yi mata wani abu, to in kin sallame salla ki kira ta daga can, da sunanta, da ƙarfi. Inna ba za ta ce kin yi rashin kunya ba.

Allah Ya tashi kafaɗun Hajara, Ya maido mana ita da hankalinta, ta gane uwarta ranar da za ki shigo. Allah Ya tsare yaran mutane baki ɗaya. Amin.

Ni ne maigidanki,
Audu