Wasiyyar Kyaftin Sama'ilu Maccido, Sojan Ruwan da Ya Kasa Isa Fakku

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ni Sama'ilu Maccido, haifaffen Fakku ta ƙasar Kebbe, tsohon Kyaftin na sojan ruwa, ina faɗin wagga wasiyya daga kan gadona a Tambuwal, cikin hankalina, ba zafin zazzaɓi, ba mayen magani. Ɓarin jikina na dama ya shanye, harshena ya yi nauyi, amma kaina garau yake. Wata rana ma nakan so a ce bai kai haka garau ba. Ɗiyata Halimatussa'adiya ke rubutawa, ina faɗa tana maimaita mini, in na gyaɗa kai ta wuce. Limamin unguwarmu da maƙwabcina Malam Ɗangiwa suna zaune, su ne shaidu.

Zuwa gare ku, Mutawakkil, Musbahu da Halimatu.

Na farko, ku ji tsoron Allah, ku tsare sallah. Sannan ku riƙe uwarku Batula. Ita ta raine ku, ni sunana kawai ke kanku. Shekara talatin da 'yan kai ina aiki, in an tara kwanakin da na kwana a gidana ba za su cika rumbu ba. Ba ta taɓa sanin inda nake ba, kuma ba ta taɓa tambaya ba, don ta gane tambayar ba ta da amsa. Duk wanda ya ɗaga mata murya a cikinku bayan raina, ya sani da ni ya yi.

Na biyu, gado. Allah ya riga ya raba, ban da ta cewa. A kira malami ya raba gida da gonaki da shanu yadda shari'a ta ce. Ba wanda ke bi na bashi, ba wanda nake bi. Sulusin da Allah ya ba ni izinin yin wasiyya da shi na bar wa marayun ƙanena Na'iya. A damƙa shi hannun uwarsu Atu, kada a ce sai sun girma.

Kafin in faɗi na uku, bari in gaya muku ko wane ne ubanku, gwargwadon abin da rantsuwar aiki ta bar mini. Akwai abubuwan da na yi alkawarin ba zan faɗa ba, da su za a binne ni.

Uwata Dada Bafulatana ce, 'yar masu yawo da shanu. Ubana manomin gero ne. Rabin ƙuruciyata a rugar kawuna na yi ta, tare da ɗansa Jumare. Lokacin da Dada ta yi jinya ina goye, uwar Jumare ce ta shayar da mu tare. A wurinsu na koyi ruwa. In damina ta yi nisa gulbi ya kawo, sai a kora shanu su haye, mu yara kowa ya kama wutsiyar bijimi ya bi shi. Jumare ne ya koya mini rufe baki da buɗe ido. Da na gama makaranta anka ɗauke ni aikin sojan ruwa, ban taɓa ganin ruwan da ba a hango gaɓarsa ba. Ranar da na fara tsayawa bakin teku a Legas sai na yi ta neman ɗaya gaɓar da ido, ban gan ta ba.

Daga baya anka zaɓe ni cikin sojan ƙundumbala, masu shiga inda babban jirgi ba ya shiga. A wurin horo an ɗaure mini hannu da ƙafa an jefa ni ruwa, an bar ni cikin taɓo har wuya, an hana ni barci sai da na fara gaida itace. Da yawa sunka aje, ni na jure, ba don na fi su ƙarfi ba, sai don kunyar komawa Fakku in ce na kasa. Na yi aiki a surƙuƙin ruwan Neja Delta, inda itatuwa ke tsaye cikin ruwa saiwoyinsu a waje. Na hau jiragen da 'yan fashin teku sunka kama, na fito da mutanen da anka yi garkuwa da su. Na yi aiki a Tafkin Chadi. Na kai Kyaftin, wanda a ruwa daidai yake da Kanar na sojan ƙasa, amma har Dada ta rasu tana tausaya mini, don an gaya mata ɗan wance ya zama Manjo ni ina nan Kyaftin. A kudu Malam suke kira na, a gida a ce Baturen ruwa. Ko'ina na zauna, baƙo ne ni kaɗan.

Na yi ritaya na gina gida nan Tambuwal don karatunku, da niyyar in koma Fakku in yi noma tare da Na'iya. Damina ɗaya na samu. Ina alwalar la'asar buta ta suɓuce mini, na faɗi, ban sake tsayawa da ƙafata ba. Tun daga ranar duniyata ita ce wanga ɗaki. Ta taga ina ganin katanga da reshen darbejiya guda. Ina jin babura da motocin Sakkwato suna wucewa, na san muryar kowane kwandasta, ban san fuskarsa ba.

Ina cikin wanga hali anka ɗauke Na'iya. Kun san labarin, amma ba ku san yadda ya kasance mini ba. Da hantsi 'yan bindigar daji sunka same shi a gona yana noman gero, sunka wuce da shi, hauyarsa na nan kwance a kunya. Dattawan Fakku sunka hawo babura sunka zo, sunka zauna ƙasa a gindin gadona. Babbansu ya ce, "Kyaftin, mun ji kai ka ƙwato mutane hannun ɓarayi cikin teku. To ga ɗan'uwanka, nan kusa, bisa tudu." Yana faɗin haka Halimatu na riƙe mini kofi a baki. Na sa anka kira duk wanda na sani, sun kuma yi iyakar ƙoƙarinsu, Allah ya saka musu. Amma daji na da faɗi. Na kwanta ina tsara hanya a kaina, ta ina zan shiga, mutum nawa zan ɗauka, ina zan aje masu tsaron baya. Na gama tsarin tsaf, ba ni iya korar ƙuda daga fuskata.

Sau ɗaya sunka bar shi ya yi magana a waya. Ya ce, "Yaya, kada ka sa damuwa, jikinka ba shi so. Ina samun sallah." Shi ke ɗaure, ni yake lallashi. Bayan kaka wani da ya kuɓuto ya kawo labarin zazzaɓi ya kashe shi a can. Ko gawa ba mu gani ba.

Na uku, kuma shi ne ya sa na tara ku. Mutawakkil, da kai nake. Tun rasuwar baffanka ka ɗora wa ranka cewa 'ya'yan Jumare ne sunka nuna hanya, don rugarsu ta sauka kusa da gonar a wannan damina. Ranar da Jumare ya zo ta'aziyya ka tare shi a zaure. Kana tsammanin ban ji ba. Na ji duka. Na ji ka ce Bafulatani ba zai taka gidanmu ba, ka manta wace ce ta haifi ubanka. Na yi yunƙurin tashi na zame tsakanin gado da bango, na buɗe baki in kira sunanka, sai gurnani ya fito. Daga nan ƙasa na ji muryarsa ta bayan katanga yana cewa, "Sama'ilu, na zo, an hana ni. Nono guda munka sha. Allah shi jiƙan Na'iya." Na ji ƙarar sandarsa tana nisa. An harbe ni a cinya a bakin aiki, ban ji zafin da na ji ranar ba.

Ni ban san wanda ya nuna hanya ba. Kai ma ba ka sani ba, zato kake. Bari in gaya maka abin da zato ke yi. Wata shekara a Delta anka yi mana kwanton ɓauna a wata ƙorama, anka kashe mini yaro mai suna Okon, wanda ke tuƙa mana kwalekwale, yana da amarya mai ciki. Ruwa ya janye, kwalekwalenmu ya kafe a taɓo, munka yini da gawarsa a tsakaninmu rana na dukanta, ba gaba ba baya. Da ruwa ya dawo munka fito, ƙauyen masunta na farko da munka tarar yarana sunka ce su ne, a ƙone shi. Idonsu ya rufe. Na tsaya a kan gadar katakon ƙauyen na ce wanda zai wuce sai ya bi ta kaina. Wasunsu ba su sake yi mini fara'a ba har na bar aiki. Daga baya bincike ya nuna ba ruwan masuntan nan, labarinmu daga wani gari can daban ya fita. Da na kauce ranar, da yanzu ina kwance nan da alhakin tsofaffi da jarirai a wuyana, ga mutuwa na ƙwanƙwasa ƙofa.

Jumare ma a matse yake. 'Yan daji sun kore masa rabin garke, cikin sauran akwai shanun da Dada ta ba ni ina yaro, shi ke kiwonsu tun ba a haife ka ba, bai taɓa ɓoye mini ko maraƙi ba. In ya shiga daji 'yan bindiga su ce sai ya ba su shanu, in ya shigo kasuwa a ce ɗan leƙen asiri ne. Umarnina gare ka, ka je da ƙafarka ka same shi. An ce yanzu yana wajen garin Jabo. Ka durƙusa ka ce, Baffa, na yi kuskure. Ka ɗauko shi a babur ka kawo mini shi ina da rai. In ajali ya riga ku, shi zai shiga kabarina ya karɓe ni tare da kai. In kana da hujja a kan wani, ka kai wa hukuma. In ba ka da ita, ka kama bakinka.

Na fuɗu, bindigata ta farauta mai baki biyu. Na san ka tambayi uwarka inda take, na kuma san samarin da kake zama da su da abin da suke shiryawa. Na roƙi Malam Ɗangiwa ya kai ta ofishin 'yan sanda da takardarta, tun ina da rai. Ba ta cikin gado. Na ga abin da bindiga ke yi wa mai riƙe ta da fushi. Mutanenmu na da haƙƙin tsare kansu, ban musa ba, amma wanda ya fita neman ramuwa ba ya tambayar sunan wanda ya tarar.

Na biyar, Musbahu. Takobina na fareti da fararen kayana na ba ka su kyauta yau, a gaban shaidu, ka ɗauka. Na ga takardun shiga sojan ruwa da kake ɓoyewa cikin littafinka. Ban hana ka ba, ban kuma tura ka ba. Aiki ne na mutunci, na ci abinci da Inyamuri da Bayerabe da Ijo a kwano ɗaya, sun ɗauke ni a kafaɗa ina zubar da jini. Amma ka sani in ka sa hannu ka ba da kanka, ba kai ke cewa ga inda za ka ba. Dada ta rasu ina tsakiyar teku, sai da anka yi sadakar bakwai labari ya same ni. Ka nemi yardar uwarka. In ta ce a'a, magana ta ƙare.

Na shida, Halimatu. Rubuta, kada ki tsallake, ina kallon hannunki. Kin baro aikinki na ungozoma a Sakkwato kin zo kin zauna juya ni da goge mini baki. Ciwon nan ni ya kama, amma mu biyu ya ɗaure. Na yafe miki sauran. Kada ki jira mutuwata, ki koma bakin aikinki, 'yan'uwanki maza su karɓi jinya, su ma suna da hannu. Akwai matan da ke naƙuda suna bukatarki fiye da tsoho guda. Allah ya ba ki masu yi miki yadda kinka yi mini.

Na bakwai, jana'izata. Ba na son busa ƙaho, ba na son harbi a sama, kada a lulluɓe ni da komai sai likkafani. Duk rayuwata burina a kwantar da ni a Fakku kusa da Dada. Na janye wanga buri. Kada wanda ya ɗauki gawata ya bi hanyar nan da ita, ba zan yarda a ɗauke mai rai saboda matacce ba. A binne ni nan Tambuwal, ƙasar Allah duk ɗaya ce.

Abu na ƙarshe ƙarami ne. Atu ta taho da damin gero guda daga rumbun Na'iya lokacin da sunka baro gari. Irin gidanmu ne, shi kakanku ya shuka, shi ubansa ya shuka. Kada a daka shi. Kowace damina ku shuka kaɗan a bayan gida, ku cire iri ku aje, don iri in ya daɗe a ajiye mutuwa yake. Ranar da Allah ya kawo lafiya, ku ɗauka ku kai gonar, ku da 'ya'yan Na'iya, ku kira Jumare ko 'ya'yansa su sauke shanu su zuba mata taki kamar yadda anka saba.

Na gaji, harshena ya fara ƙin bi na. Na yafe muku duk abin da kunka yi mini, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini. Mutawakkil, kai ne babba, zafin zuciyarka na san daga ƙauna ya fito, shi ya sa na ɗora maka mafi nauyi. Ka tara 'yan'uwanka, na gari da na ruga, kada ɗaya ya ɓace a hannunka. Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a hanya da gona da kasuwa, ya zaunar da ƙasarmu lafiya ku gani da idonku. Allah ya jiƙan Dada da ubana, ya jiƙan Na'iya a inda yake kwance, Shi ya san wurin.

Na shaida babu abin bauta wa da gaskiya sai Allah, kuma Annabi Muhammadu bawansa ne, Manzonsa ne. Ga yatsana na hagu na dangwala.