Guraben da Sahura Ta Cike

Anka, 3 ga Satumba

Assalamu alaikum Yaya Lirwanu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ƙafarta? Na sake yin rajistar jarrabawar Turanci, karo na uku. Shugabar asibitinmu ta ce bana in ba takarda, sai dai in ci gaba da shara, ba ni ba makarantar koyon jinya. Na san inda nake faɗuwa: labarin nan da suke cire wa kalmomi, su ba ka huɗu ka zaɓi ɗaya. Kai malamin Turanci ne, ka koya mani. Wanga karo ba ni faɗuwa.

Ƙanwarka,
Sahura

Gummi, 12 ga Satumba

Wa alaikumus salam Sahura,

Inna da sauƙi, sai dai ta ce shekarunki talatin da huɗu, ki haƙura. Ni ma, gaskiya, raina ya raya mani haka. Duk da haka ga tsofaffin takardu na ba direba. Kada ki taɓa gurbi sai kin karanta labarin har ƙarshe. Sannan ki dubi kalmar da ke gaban gurbin da ta bayansa. Akwai wani nan da ke cewa yana samo amsoshi tun kafin ranar. In kina so, ki yi magana.

Allah ya yi jagora.
Lirwanu

Anka, 2 ga Oktoba

Yaya, ina gaisuwa.

Mutumin nan ya riƙe amsoshinsa. In na shiga da amsar wani, ranar da za a miƙo mani takardar maganin ɗan mutane, wa zai karanta mani?

Takardunka sun ƙare cikin mako guda. Yanzu abokiyar aikina Amariya ke liƙe kalmomin jikin kwalin magani da filasta, ni in faɗe su. Jiya cikin ashirin na ci sha takwas, har matan ƙauyen Duza masu jinyar yaransu sunka yi mani guɗa. Biyun da na rasa, gaggawa na yi.

A gaida Inna.
Sahura

Anka, 20 ga Fabrairu

Salam Yaya,

Sakamako ya fito, na ci. Ka ce wa Inna ta gyara shimfiɗa, ɗiyata Kausar za ta zauna wurinta shekara uku. Ni makaranta za ni.

Taka,
Sahura